Kafin ka taɓa gurbin da aka kulle a Java

Dabarar rifilekshin tana ba ka damar sauya ƙimar gurbin wani abu alhali manhaja tana kan aiki, ko da an kulle shi da private: ka nemo gurbin da getDeclaredField, ka buɗe da setAccessible(true), ka zuba sabuwar ƙima da set.

Hattara da gurbin final. Idan ƙimarsa tsayayyiya ce tun wajen rubutu, kwamfaila ta riga ta kwafe ta duk inda ake kiranta. Ka sauya, tsohuwar ta ci gaba da fitowa. Na static final kuwa set ba ya taɓa shi. Tun Java 17, kayan cikin JDK ma sai da --add-opens.

Ka fi amfani da rifilekshin wajen gwaji, don in aka canza sunan gurbin, kwamfaila ba za ta ankarar da kai ba.