Gidan Ɗan Hausa: Ginin Ƙasa a Tsohon Gandun Nassarawa

Wanda ya ratsa Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni a yau, cikin cunkoson gidaje da shaguna, da wuya ya gaskata cewa a farkon ƙarni na 20 wannan yanki na bayan ganuwa gonaki ne da ƙauyuka. A gefensa, cikin gandun sarki na Nassarawa, Gidan Ɗan Hausa yake. Sunan laƙabi ne da aka ba Hanns Vischer, haifaffen Basel ta ƙasar Suwizalan, saboda ƙwarewarsa a harshen Hausa. Shi ne ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nassarawa a shekarar 1909, kuma a wannan gida ya zauna da iyalinsa.

Abin lura ga mai nazarin gine-gine shi ne Baturen bai nemi kwano ko bulo ba, ya bar wa magina Kanawa aikinsu. Da tubali aka ɗaga bangaye, masu kauri daga tushe, suna sirancewa zuwa sama, wanda hakan ke hana zafin rana shiga ɗaki sai bayan la'asar. Rufin kuwa na azara ne, wato tsagin giginya da gara ba ta cika ci ba. Azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazara ta kai kimanin mita 2, don haka magina ke ɗaura bakuna, su jera azara bisa azara daga bango zuwa bango har su haɗu a tsakiya. Wannan dabara ce ta ba da ɗakuna masu faɗi da Bature ke bukata ba tare da ginshiƙi ya tsaya a tsakiya ba. Daga waje, zankwaye ke ƙawata kan bango, indararo kuma na zubar da ruwan sama nesa da tushe.

Farfajiyar gidan da itatuwanta ɗan abin da ya rage ne daga faffaɗan fili da gari ya cinye. Yanzu gidan na hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, ana ajiye kayan tarihi a ciki. Sai dai ginin ƙasa ba ya jure sakaci. Yana bukatar yaɓe kafin damina, da makuba ta ɓawon ɗorawa a bango, da laso a rufi. Masu gaggawa sukan shafe irin wannan bango da siminti, alhali siminti yana tsare danshi a ciki har ƙasar ta ruɓe, kuma maginan da suka san haɗin laso sai raguwa suke yi a Kano.