Mota mai inji biyu

A shekarar 1997 kamfanin Toyota na ƙasar Japan ya fito da mota mai suna Prius. Inji biyu gare ta: ɗaya na shan mai, ɗaya na aiki da lantarki.

In direba ya taka birki, sai batir ya ƙara samun wuta. In ya tsaya a mararraba, sai injin mai ya mutu da kansa.

Idan tana tafiya sannu-sannu, sau da yawa lantarki kaɗai ke jan ta. Ba ƙara, ba hayaƙi. Nan haɗarin yake: yaron da ya saba dogara da kunne kafin ya ƙetare hanya ba zai ji zuwanta ba.

Tambaya: Yaushe batir ke samun wuta?