Yadda Aka Maido da Ruwan Sha a Birnin Sarayebo

Hausawa kan ce ruwa abokin aiki. Amma a garin da yaƙi ya ci, ruwa na cikin abubuwan da ke fara yankewa, kuma rashinsa kan kwantar da waɗanda harsashi bai taɓa ba. A wannan darasi za mu duba abin da ya faru a Sarayebo, babban birnin Bosniya, wanda dakarun Sabiyawa suka yi wa ƙawanya daga 1992 zuwa 1996.

Manyan rijiyoyin da ke shayar da birnin suna unguwar Ilija ne, a hannun masu ƙawanyar, ga kuma rashin lantarkin da zai tuƙa injinan turo ruwa. Dole jama'a suka koma bin layi da jarkoki, inda aka sha jefo musu bama-bamai. Zawo da ciwon shawara suka yaɗu.

A nan ya kamata mai karatu ya lura da wani abu. Muddin bututu cike yake da ruwa mai ƙarfi, to ko ya tsage, waje zai riƙa tsiyaya. Da zarar ƙarfin ya faɗi, sai bututun ya koma zuƙo ƙazantar kwata da ta masai ta wannan tsaga, tare da ƙwayoyin cutar da ke cikinta. Saboda haka ba kowane ruwan famfo ne ruwan sha ba.

A 1993 wani Ba'amurke masanin aikin agaji, Fred Cuny, ya kawo dabara. Aka ƙera na'urorin tace ruwa a Amurka daidai cikin jirgin sama samfurin C-130, aka sauke su cikin gaggawa, aka girke su a wata hanyar mota da ta ratsa ƙarƙashin dutse, inda bam ba zai same su ba. Daga kogin Milyaka aka riƙa jawo ruwan.

Matakan tacewa uku ne. Da farko akan zuba sinadari irin su alif domin laka ta dunƙule ta kwanta. Sannan ruwan ya ratsa matata. Daga ƙarshe a sa kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta, a kuma bar ɗan saura, wato miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita, domin ya yi gadin ruwan har bakin famfo. Ruwa ba ya cin jarrabawa sai an rasa ƙwayar E. coli ko guda a cikin mililita 100.

Duk da haka, hukumomin birnin sun yi watanni ba su yarda an buɗe ba, suna cewa ba su gamsu da ingancin ruwan ba. Sai a 1994 ya wadata a bututu. Ke nan bayan inji da sinadari, aikin ruwa yana bukatar amincewar mahukunta da ta masu sha, kuma wannan ma sai an yi mata tanadi tun ranar farko.