Cinikin Haƙƙin Direba Tsakanin Ƙungiyoyin Ƙwadago da Masu Motocin Dako

A harkar jigilar kaya da manyan motoci, direba ɗaya ba ya iya daidaita albashinsa da mai mota shi kaɗai. Masu neman mota sun fi motocin yawa, kuma wanda ya ce kuɗin sun yi kaɗan ya san akwai wani a bakin gareji yana jiran a miƙa masa makulli. Shi ya sa ƙungiyar ƙwadago ke zama da ƙungiyar masu motoci a yi ciniki sau ɗaya a madadin kowa, a rubuta abin da aka daidaita, a sa hannu, takardar ta yi aiki na 'yan shekaru sannan a sake zama. Yarjejeniya mai lamba 98 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1949, ita ce ta kare wannan haƙƙi, Najeriya kuma ta amince da ita tun 1960.

A Najeriya, inda tsarin ya fi zama da gindinsa shi ne jigilar man fetur. Direbobin tanka suna ƙarƙashin PTD, reshen ƙungiyar ma'aikatan man fetur ta NUPENG, masu motocin kuma suna da NARTO, kuma tsakaninsu akwai rubutacciyar yarjejeniya da ake sabuntawa. A ɓangaren busasshen kaya kuwa, wato tirelolin da ke ɗaukar hatsi daga kasuwar Dawanau ko albasa da shanu zuwa Kudu, yawancin sharuɗɗan aiki da baki ake yin su. Muddin ana shiri ba a ganin aibun hakan. Ranar da aka ɓata ne direba ke gane cewa ba shi da ko fallen takarda da zai nuna.

Albashin wata shi ne abin da aka fi ji a labarai, amma sau da yawa ba shi ne ke cin lokaci a zaman ba. Direban da ya tashi daga Kano zuwa Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, yana iya isa ya shiga layin lodi a daffo ya shafe mako ko fiye. Motar tana tsaye, shi kuwa yana cin abinci, yana ciyar da yaron mota, yana biyan kuɗin fakin da na gadi, iyali kuma na kira daga gida. Idan kuɗin hanya na zuwa da dawowa ne kawai, duk kwanan jira daga aljihunsa yake fita. Daga nan ake fara tsotse man gas daga tanki a sayar a gefen titi, mai mota ya kira shi sata, direba ya ce haƙƙinsa ya ɗiba. Yarjejeniyar da ta yanke kuɗin kowane kwanan jira tana kashe wannan rigima tun daga tushe, wadda ta yi shiru a kai kuwa ta bar baya da ƙura.

Haka batun giɓi yake. Ana auna mai a wurin lodi, a sake auna shi a wurin sauke, idan aka ga ragi sai a cire daga kuɗin dako, mai mota kuma ya mayar da asarar kan direba. Amma fetur yana raguwa da kansa saboda zafi da canjin yanayi, ma'aunai ma ba duka ke da gaskiya ba. Dole takarda ta faɗi iyakar ragin da ake yafewa, da wanda zai tsaya a madadin direba lokacin awo, da cewa ba za a taɓa albashinsa ba sai an ji ta bakinsa. Sauran sassa sun haɗa da kuɗin asibiti, diyyar haɗari, haƙƙin iyali idan an rasa rai, awannin hutu, da matakan da za a bi kafin a karɓe mota daga hannun mutum. Yaron mota, wanda ke kwana ƙarƙashin tirela yana gadin kaya, shi aka fi mantawa da shi a irin wannan rubutu, kuma hakan zalunci ne.

Wahalar cinikin ita ce mai kuɗin na ainihi ba ya cikin ɗakin. Mai mota yana biyan direba ne daga kuɗin dakon da mai kaya ya ba shi, bayan an cire man gas, tayoyi, gyara, inshora da kuɗaɗen da ake karɓa a hanya. A watan Afrilu na 2017 direbobin tanka sun shiga yajin aiki, cikin dalilansu har da ƙin sabunta yarjejeniyarsu da ta ƙare, masu motoci kuma suka ce kuɗin dakon ba zai ɗauki ƙari ba. Ba a janye yajin ba sai da kamfanin mai na ƙasa NNPC ya sanar da ƙara kuɗin jigilar mai zuwa nesa daga naira 6.20 zuwa 7.20 a kowace lita. A lokacin gwamnati ce ke yanke farashin. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, sai masu motoci suka koma ciniki kai tsaye da dillalai, kuma a Fabrairun 2024 NARTO da kanta ta ajiye motoci saboda tsadar man gas da ƙarancin kuɗin dako. Wakilin direbobin da ya shiga zama bai san kuɗin da mota ke ci a tafiya ɗaya ba, ko dai ya nemi abin da babu, ko kuma a rufe shi da lissafin da ba zai iya tantancewa ba.

Abin da ya faru a Amurka ya nuna inda irin wannan sauyi ke iya kaiwa. A watan Janairu na 1964 ƙungiyar ƙwadago ta Teamsters, ƙarƙashin Jimmy Hoffa, ta ƙulla yarjejeniya guda da ta game ƙasar, ta shafi ma'aikata sama da 400,000. Ta yi ƙarfi ne saboda a lokacin hukuma ke tsara farashin dako da shigowar sababbin kamfanoni, don haka babu mai iya karya farashi ta hanyar tauye direba. Dokar 1980 ta buɗe kasuwar, kamfanonin da ba su da ƙungiya suka yi yawa suna ɗaukar kaya da araha, masu biyan albashin yarjejeniya suka riƙa durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin Yellow, ɗaya daga cikin manyan da suka rage, ya rufe a 2023, mutum kusan 30,000 suka rasa aiki. Afirka ta Kudu ta toshe wannan ɓaraka da majalisar ciniki ta ɓangaren jigilar kaya, inda dokar ƙwadago ta 1995 ta ba minista ikon faɗaɗa yarjejeniya ta hau har kan kamfanonin da ba su sa hannu ba. Wannan ya fi adalci ga mai motar da ke biyan haƙƙi, domin maƙwabcinsa ba zai ƙwace masa kaya da gumin wani ba.

Sa hannu kaɗai ba ya mayar da yarjejeniya doka. Kotunan Najeriya sun daɗe suna ɗaukar ta a matsayin alkawarin mutunci, sai idan an shigar da sharuɗɗanta cikin takardar ɗaukar ma'aikaci. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ƙarfafa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ya ba ta ikon fassara irin waɗannan yarjejeniyoyi da aiwatar da su, kuma Dokar Rikicin Ƙwadago ta 1976 ta buƙaci a ajiye kwafi a wurin Ministan Ƙwadago. Duk da haka, direban da takardar ɗaukarsa ta ambaci yarjejeniyar ya fi tsayawa da ƙafafunsa a gaban alƙali. Kada kuma a dogara da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka kafa a 2024, domin dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma masu tirela da yawa mota biyu ko uku gare su.

Shiga ƙungiya ganin dama ne tun gyaran doka na 2005: ba a tilasta wa direba shiga, ba a kuma hana shi. Kan wannan batu ne NUPENG ta yi yajin aiki a watan Satumba na 2025 a rikicinta da matatar Dangote game da direbobin sababbin motocinta masu amfani da iskar gas. Ƙungiyoyin ma da nasu nauyin. Direba yana biyan kuɗin ƙungiya a kowane lodi, amma da yawa ba su taɓa ganin takardar da aka sa wa hannu da sunansu ba, kuma da Turanci ake rubuta ta alhali babban kaso na direbobin Hausa suke ji. Ya kamata shugabannin rassa su sa a fassara ta, a karanta wa mambobi a Tafa, Mararrabar Jos da Ogere inda suke yada zango, kowane direba kuma ya nemi kwafinsa da takardar ɗaukar aiki kafin ya karɓi makulli.