Ƙashin da ya ƙi haɗewa: inda bincike ya kai

A aikin ƙashi, karayar da ta fi ba mu wahala ita ce wadda wani yanki ya gutsure ko ya ruɓe, ya bar giɓin da jiki ba zai iya cikewa ba, irin wadda haɗarin babur kan jawo a ƙwauri. A kanta masu bincike suke haɗa dabaru biyu. A cikin ɓargo akwai ƙwayoyin tushe masu iya rikiɗa su zama ƙashi. Akwai kuma sinadarin BMP-2 mai umartar su da yin hakan, daga dangin da Marshall Urist ya gano tasirinsu a 1965. Idan an zuba shi a rauni, ba ya daɗewa yake gushewa. Sai aka ce a cusa wa ƙwayoyin ɓargon ƙwayar gadon da ke ƙera shi, su riƙa samar da shi da kansu a wurin. A 1999 Jay Lieberman da abokan aikinsa a Amurka suka cike giɓin ƙashin cinyar ɓeraye ta wannan hanya.

Ɓeraye fa, ba mutane ba. Har yau haɗin bai zama maganin da ake bayarwa a asibiti ba, domin ana tsoron ƙashi ya tsiro inda ba a so, ga kuma tsada. Wani zai ce to me ya shafi manomin Kibiya? Ya shafe shi, domin ana yawo da garin magani da sunan ƙwayoyin tushe, ana karɓe kuɗin amfanin gonar mutane. Abin da aka haɗiya, ciki ne zai narkar da shi. Ba zai je ya gina ƙashi ba. Wani kuma zai ce masu ɗori sun ishe mu. Ba a raina gadonsu, amma karayar da ƙashi ya huda fata ya fito, idan aka ɗaure ta da kara da tsumma, mugunya take tarawa, ƙashin ya mutu, giɓin ya ƙara faɗi.

Jama'ar Rano da Kibiya, duk karayar da ke da rauni a kai, a rufe ta da tsabtataccen ƙyalle a kai majinyacin zuwa Babban Asibitin Rano a ranar. Idan ta fi ƙarfinsu za a tura shi Asibitin Ƙashi na Dala.