Yadda Mai Hoto Yake Zaɓen Baƙi da Fari ko Mai Launi a Abu Hujar

A ƙauyukan Hausawa na bakin Shuɗin Nilu, tun daga Mai Wurno, inda muhajirai suka yada zango bayan yaƙin Burmi na 1903, har zuwa Abu Hujar kudu da Singa, a zamanin da ake ɗaukar hoto da fim, mai hoto na gaske ba ya taɓa fim sai ya fara sanin niyyar wanda ya zo. Idan maniyyaci ne mai neman fasfo, magana ta ƙare, baƙi da fari za a yi masa, domin ana wanke shi a ɗakin duhu a yinin nan, alhali mai launi sai an aika da shi babban birni an yi zaman jira. Ko dattawan da suke ƙyamar hoto saboda saɓanin malamai a kan hukuncinsa, larurar Hajji takan zaunar da su a kujerar mai hoto.

Daga nan sai mai hoton ya dubi tufa, kuma a nan ne gwaninta take. Dattijo baƙi, sanye da farar jallabiya da farin rawani, idan aka tsayar da shi a tsakar ranar Sudan, ɗayan biyu ne: ko rawanin ya fito fuskar ta nutse cikin duhu, ko fuskar ta fito rawanin ya zama fari fat babu alamar naɗi. Saboda haka gwani yakan zaunar da shi a bakin rumfa da hantsi, ya sa yaro ya riƙe farin mayafi a gefe domin ya mayar da haske ga kunci, sa'an nan ya auna hasken bisa ga fuska, ba bisa ga tufa ba. Sauran aikin a ɗakin duhu yake, inda na sha ganin maigidan wani shagon hoto, Allah ya jiƙansa, yana tare haske da tafin hannunsa a kan gurbin fuska, yana kaɗa yatsu a hankali kada iyaka ta fito, har naɗin rawanin ya nuna ninki bisa ninki. Kwarjinin irin wannan hoto, a ganina, launi ba ya ƙara masa kome.

Amarya kuwa hukuncinta daban ne, gama lallen hannunta da lafayarta da zinariyar wuyanta, waɗanda iyaye suka sha wahala kafin su tara, zalunci ne a mayar da su toka-toka. Ita mai launi ya wajaba a yi mata. A wancan zamani, idan fim mai launi ya yi wuyar samu, sai a ɗauka baƙi da fari, a buga da ɗan haske, a naɗe audugar Jazira a kan tsinke, a riƙa ɗiga launi kaɗan-kaɗan a lafaya da awarwaro, a bar fuska yadda Mahalicci ya yi ta.