Wanke Kayan Cikin Injin Babur

A ƙasar Kebbe babur ya zama jakin manomi. Shi ke kai taki gona, shi ke kai buhun gero kasuwar Tambuwal. In kaka ta yi, kuɗi sun shigo hannu, akan kai shi wurin makanike a sauke inji, a sa sabon fistan da ringi. Amma wani kafin damina ta faɗi babur ya koma hayaƙi da shan baƙin mai. Sai a ce kayan jabu ne, alhali kuwa sau da yawa yashi aka bari a ciki.

Dalili shi ne, tsakanin fistan da silinda bai kai kaurin gashin kai ba. Ƙwayar yashi in ta gauraya da mai, sai ta yi ta cin ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa. Ga shi kuwa lokacin gyaran nan ne hunturu ke zubo ƙura.

Saboda haka kada a kwance inji a ƙasa. A wanke bayansa tukuna, a shimfiɗa buhu mai tsabta inda iska ba ta bugawa. A jiƙa kayan cikin kananzir, ba fetur ba, don fetur maza yake kama wuta. Baƙin da ya daskare a kan inji da bawul a kankare shi da katako, kada a sa sanfefa. In da tsohon fistan za a mayar, a share ramukansa da guntun tsohon ringi. A cire rariyar mai a wanke, a hura ƙananan hanyoyin mai da famfon taya.

Silinda kuwa, in an kai ta an gyara cikinta, kananzir ba ya fid da garin dutsen da ya maƙale. Sai ruwan zafi da sabulu, a yi ta goga har farin ƙyalle ya fito ba dauɗa. A busar da ita, a shafa mai nan da nan don tsatsa.

Bayan an ɗaura, a riƙa tafiya a hankali ba kaya mai nauyi, a juye mai in an yi kamar kilomita 500. Ƙazamin kananzir kuwa kada a zubar da shi a gona ko kusa da rijiya.

Mai babur ya tsaya a yi wankin nan a gabansa, ko da zai kai shi la'asar. Sauri kan haifi nawa.